Launi Awo Yake So: Tsohuwar Manhaja da Sabuwar Na'ura a Maɗaba'unmu

 

Sharhinmu na yau a kan sana'ar ɗab'i ne, kuma a kan wata gardama da kusan kullum sai an yi ta a shagunan buga fasta da fuleks da sitika. Mutum ya kawo aiki, an tsara masa a kwamfuta, ya duba ya ce ya yi. Da aka buga, sai koren ya fito da duhu kamar baƙi, jan ya koma ruwan goro, fuskar mutum ta yi jajir. Mai aiki ya ce, "Malam, ba haka na gani a kwamfuta ba." Mai shago ya ce, "Wallahi Alhaji, haka injin yake bayarwa." Daga nan sai a sake bugawa, a ƙara wannan, a rage wancan, tawada na tafiya, leda na tafiya, man janareta na ƙonewa, har a sami abin da za a iya haƙura da shi.

Idan kalandar biki ce ko fastar ɗan takara, asarar ta tsaya a kuɗi da ɓacin rai. Amma mu nan Funtuwa da kewayenta yankin noma muke, kuma a wajen manomi launi karatu ne. Ku ɗauki kwalbar maganin feshi, na ƙwari ko na ciyawa, ku dubi ƙasan takardar da ke jikinta. Akwai wani layi mai launi da ya zagaye ta. Wannan tsari ne na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa rabe-raben haɗarin guba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi. Ja yana nufin guba mai tsananin haɗari, rawaya mai matsakaicin haɗari, shuɗi mai ƙaramin haɗari, kore kuma wanda ba a sa ran zai cutar idan an yi amfani da shi yadda aka ce. Ba a bar wa kowa ya zaɓi jan da ya ga dama ba. An ambaci lambobin launin a kundin Pantone, ja 199, shuɗi 293, kore 347. Manomin da ba ya karanta Turanci, wannan layin shi ne abin da yake ganewa. To, idan malamin gona ko mai shagon magani ya kawo fastar wayar da kai a buga masa, jan ya fito kusa da rawaya, shuɗin ya karkata ya zama kore, me muka koya wa wanda zai goya famfon feshi a bayansa gobe da safe?

Haka abin yake a hotunan ganye. Masarar da ta rasa sinadarin da yuriya ke bayarwa, ganyenta na ƙasa ne ke yin rawaya, daga baki ya bi tsakiyar ganye. Wadda ta rasa fotash, gefen ganyen ne ke ƙonewa. Wadda ta rasa abin da takin sufa ke bayarwa, tana ƙarama ganyenta kan yi shunayya. Bambancin waɗannan uku a hoto, rabinsa launi ne. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ma ta yaɗa wani ɗan allo mai kore kala-kala, daga mai haske zuwa mai duhu, wanda manomi zai kara da ganyen shinkafarsa ya san ko lokacin ƙara taki ya yi. Irin wannan allo in aka kwaikwaye shi a injin da ba a daidaita ba, ya zama sanadin asarar buhun taki, a wannan zamani da kowa ya san yadda ake samun buhu guda. Yankin nan ya daɗe da sanin aikin malaman gona. A nan aka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Ga Samaru nan kusa da mu a Zariya, inda ake fitar da irin masara da dawa da auduga, ake kuma buga takardun koyar da manoma. Duk wannan ilimi, a ƙarshe ta kan takarda yake bi ya iso hannun manomi.

Me ya sa launi ke sauyawa tsakanin kwamfuta da inji? Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Inji kuwa da tawada huɗu yake yi, waɗanda masu sana'ar ke kira sayan, majenta, yalo da baƙi. Idan mai zane ya rubuta a CorelDRAW cewa a zuba majenta kashi 100 da yalo kashi 100, ai bai faɗi launi ba, yawan tawada ya faɗa. Kamar mutum ne ya ce a auna masa mudu goma, bai faɗi mudun wace kasuwa ba. Injin Konica Minolta da ke buga katin biki zai ba da nasa jan, babban injin fuleks ɗan Chana mai kan Epson zai ba da nasa, tsohon Heidelberg na Kaduna ko Kano shi ma da nasa. Inji guda ma, in ka sauya masa takarda ko ka sayo tawadar wani kamfani, jan jiya ba shi ne na yau ba.

Masana sun daɗe da neman ma'aunin da ba ya bin inji. A 1931 hukumar duniya mai kula da sha'anin haske, wadda ake taƙaita sunanta da CIE, ta fitar da lissafin yadda idon ɗan Adam ke ganin launi. A 1976 ta fito da tsarin Lab, inda kowane launi ke da lambobi uku: ɗaya na haske da duhu, ɗaya na karkata tsakanin kore da ja, ɗaya tsakanin shuɗi da rawaya. Sai a 1993 kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe da Apple da Kodak da Agfa da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC, suka amince da siffar wani ɗan fayil da ake kira furofayil. Abin da ke cikinsa jadawali ne kawai: in ka ba wannan inji waɗannan lambobin tawada a kan wannan takarda, ga ainihin launin da zai fito, in kuma ga launin da kake so, ga lambobin da za ka ba shi. Ko audugar da ake gurzawa a Funtuwa da Malumfashi, idan ta shiga kasuwar duniya, na'ura ce ke auna haskenta da rawayarta kafin a yanka mata daraja.

Yadda ake haɗa furofayil ba wani sihiri ba ne. Za ka buga wata takardar gwaji mai ƙananan gidaje na launi iri-iri, wata mai gidaje 918, wata 1485, wata 1617, ka tabbatar ba wata manhaja da ta taɓa lambobin a hanya. Ka bar ta ta bushe sosai, in da hali ta kwana, domin tawada na sauya launi yayin bushewa. Sai ka ɗauko na'urar awo, 'yar ƙarama ce da ake riƙewa a hannu, ka fara ɗora ta a kan farin tangaran ɗinta don ta daidaita kanta, sannan ka riƙa jan ta layi-layi a kan takardar. A kowane gida tana haska fitila, ta auna hasken da ya dawo daga nanomita 380 zuwa 730, ta rubuta lambobi 36. Manhaja kuma ta kwatanta abin da aka tura wa inji da abin da ya fito, ta gina jadawalin. Ga mai injin fuleks akwai aiki kafin wannan: sai ya fara iyakance yawan tawadar da ledar za ta iya sha, ya kuma daidaita hawan kowace tawada daga kaɗan zuwa cikakke. Wanda ya tsallake wannan mataki, furofayil ɗinsa ba zai yi albarka ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Manhajojin da tsofaffin masu sana'a suka saba da su guda biyu ne, ProfileMaker na kamfanin GretagMacbeth, da MonacoPROFILER. Kamfanin X-Rite na Amurka ya sayi Monaco a 2003, ya haɗe da GretagMacbeth a 2006, ya sayi Pantone a 2007. A 2011 ya fito da sabuwar manhaja, i1Profiler, ta maye gurbin tsofaffin biyu, aka daina sabunta su. Na'urorin awo kuwa ba su tsaya ba: i1Pro 2 ta fito a 2012, dangin i1Pro 3 suka fara fitowa a 2019. Manhajar da aka rufe littafinta tun kafin a ƙera na'ura, ta yaya za ta gane ta? Ka soka wayar i1Pro 3 a kwamfuta, ita dai ba ta ga komai ba.

Sai mai sauraro ya ce, to a yar da tsohuwar mana. Ni ban goyi bayan wannan ba, kuma ina da dalili. Tsohuwar manhajar halal ce da wani ya saya da kuɗinsa, da ɗan makullinta da ake sokawa a jikin kwamfuta. Tana tafiya lafiya a tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, irin wadda ke jan injunan fuleks da yawa a garuruwanmu, wadda ba wanda ke son taɓa ta don kada aiki ya tsaya. Mai ita ya san inda zai murɗa ya ce baƙar tawada ta fara shiga daga nan, jimillar tawada kada ta wuce kashi 300 a takarda mai sheƙi, ta yi ƙasa da haka sosai a takardar jarida. Wannan murɗawar ita ke rage cin tawada mai launi, ita ke sa ruwan toka ya tsaya a ruwan toka. Lissafin ganin ido na 1931 bai sauya ba. Abin da ya tsufa a manhajar shi ne hanyar magana da na'ura, ba iya lissafi ba.

Saboda haka mafita ita ce a raba aikin biyu. A yi awo da sabuwar na'ura a cikin manhajar da ta zo da ita, a wata kwamfutar ma in an ga dama. Sai a adana sakamakon a matsayin fayil na rubutu zalla, a tsarin da ake kira CGATS, wanda in ka buɗe shi za ka ga layuka ne na lambobi da kowa zai iya karantawa. Sabuwar manhajar tana da zaɓin adanawa a siffar da ProfileMaker ke karɓa. Ka sa a filashi, ka kai wa tsohuwar kwamfuta, ka ba ta fayil biyu: na lambobin da aka tura wa inji, da na abin da aka auna. Ita ba ruwanta da wace na'ura ta yi awon.

Sai dai a nan nake son masu sana'a su buɗe kunne, domin akwai ramuka. Na farko, jerin gidajen launi dole ya zo ɗaya a fayilolin biyu. In gida na 5 a wannan ya zama na 6 a wancan, manhajar ba za ta yi gardama ba, za ta gina maka furofayil mai fitar da launin hauka. Wani lokaci kuma wata manhajar na rubuta haske daga 0 zuwa 1, wata daga 0 zuwa 100; ko kwamfuta ta sa waƙafi inda ake son ɗigo, musamman wadda aka shigo da ita da saitin Faransanci ko Jamusanci. Buɗe fayil ɗin a duba da ido yana maganin waɗannan.

Babban ramin shi ne na fitila. Yawancin farar takardar zamani ana sa mata wani sinadari mai ƙara fari, irin wanda ake sa wa garin sabulun wanki. Yana shan hasken da ido ba ya gani, wanda ke cikin hasken rana, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai takarda ta yi fari ƙal. Tsofaffin na'urori ƙwan fitila mai zare suke amfani da shi, kuma yawan wannan ɓoyayyen haske a cikinsa ba a ƙayyade shi ba. A 2009 ƙa'idar ISO 13655 ta raba awo gida huɗu. M0 shi ne irin na da. M1 yana kwaikwayon hasken rana na ma'auni da ake kira D50. M2 yana yanke ɓoyayyen hasken gaba ɗaya. M3 yana ƙara matatar da ke kashe ƙyalli. Takarda guda, in ka auna ta a M1 za ta nuna shuɗi fiye da yadda za ta nuna a M2. Tsohuwar manhaja a zamanin M0 aka yi ta, har tana da nata gyaran da take yi wa irin wannan takarda. In ka ba ta awon M1 kuma ka bar wannan gyaran a kunne, ka yi gyara biyu a kan ciwo ɗaya, sai fararen wurare da fuskokin mutane su karkace. Shawarata mai sauƙi ce: in kana son sakamako ya yi daidai da tsofaffin furofayil ɗinka, auna a M0. In aikin na wanda ke bin sabuwar ƙa'idar Turai ne, irin FOGRA51 ta 2015, auna a M1 ka kashe gyaran. Kowanne ka zaɓa, rubuta shi a sunan fayil ɗin tare da sunan takarda da na tawada da kwanan wata. Sannan ka adana furofayil ɗin a siga ta 2 ta tsarin ICC. Siga ta 4 ta fito tun 2001, amma akwai tsofaffin manhajojin jan inji da har yau ta 2 kaɗai suke karɓa lafiya.

Wanda ba shi da tsohuwar manhaja ta halal, kada ya je neman ta sata. Ta sata ba ta da tabbas, kuma haƙƙin wani ce. Akwai Argyll, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya, Graeme Gill, ya rubuta ya sake ta kyauta. Tana magana da tsofaffin na'urori da sababbi, tana buga takardar gwaji, ta auna, ta gina furofayil. Wahalarta ɗaya, umarni ake rubuta mata da hannu, ba danne-danne ba. Amma matashin da ya iya gyaran waya a bakin tasha, ko ya iya kwance kan inji ya wanke ya mayar, ba zai gagara koyon umarni huɗu ko biyar ba.

Ba na son kowa ya ɗauka furofayil layar tsari ce. Hoton halin da inji ke ciki ne a ranar da aka auna. Ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin kan inji, launi ya sauya. Damina ta sauka takarda ta sha laima, ya sauya. Tawada ta ƙare aka cika da ta wani kamfani don ta fi araha, wannan kam sabon awo ya wajaba. Farin tangaran ɗin na'urar ma in ya yi ƙura, duk awon ya ɓaci, don haka a rufe shi a akwatinsa. Ledar fuleks mai kaushi tana son na'ura mai faɗin ido. Shi ya sa aka yi i1Pro 3 Plus da ido mai milimita 8. Kuma a daina yanke hukunci a kan launi a ƙarƙashin ƙwan sola mai shuɗin haske da dare. A fito da aikin bakin ƙofa da hantsi, a cikin inuwa, a duba tare da mai shi.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita ke ran kowa. Sabuwar na'ura irin wannan ta haura dala 1,000, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ba ƙaramin shago ba ne zai ɗauke ta shi kaɗai. Amma ba kullum ake awo ba. Na'ura guda za ta ishi duk masu ɗab'in Funtuwa, ta je Malumfashi a motar haya ta dawo. Tunda awon fayil ne na rubutu, mutum zai iya buga takardar gwajinsa a Ƙafur, ya aiko da ita, a auna a tura masa lambobin ta waya, ya gina furofayil a tsohuwar kwamfutarsa bai motsa daga shago ba. Tashar jiragen ruwa ta kan tudu da aka buɗe a Funtuwa a 2024 tana nufin masu citta da riɗi da waken suya da auduga za su ƙara neman buhu da kwali masu tambari, kuma mai sayen kaya a waje yana son tambarinsa ya fito launi ɗaya a buhu na farko da na dubu. In ba mu iya ba, aikin zai ci gaba da tafiya Shomolu ta Legas.

Kalma ɗaya kuma ga 'yan'uwana masu ɗab'i: ƙwarewar launi amana ce. Wanda ya zo maka da takardar jikin maganin feshi ko ta buhun iri ya ce ka kwaikwaya masa, ba tare da shaidar cewa kayan nasa ne kuma hukuma ta yi musu rajista ba, ka sallame shi. Gonar da za ta lalace ta maƙwabcinka ce.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin masu ɗab'i na Funtuwa da Malumfashi shi ne su sa wannan magana a zamansu na gaba, a yi karo-karo a sayi na'ura ɗaya, a zaɓi matasa biyu a tura su koyo, a yanka ɗan kuɗin awo da zai riƙe ta. Hukumar bunƙasa noma ta jiha, KTARDA, da ƙungiyoyin da ke ba da aikin buga fastocin manoma su ma su riƙa neman a nuna musu gwajin bugu kafin a buga dubbai, su kara shi da kwalbar magani ta ainihi da ganye na ainihi. Kai kuma mai kai aiki, ka tambayi mai shago yaushe rabon da a auna injinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.